Na'urorin Sansano Dalma ta Hanyar Lantarki: Yadda Suke Aiki da Abin da Za Su Iya Gani a Ruwan Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin yadda ƙananan na'urorin lantarki ke gano dalmar da ta narke cikin ruwa ko jini, tare da waiwayen rawar da irinsu suka taka lokacin annobar gubar dalma ta 2010 a Jihar Zamfara. An bi matakan dabarar tarawa da saɓulewa, aka kuma duba abubuwan da kan ruɗar da awo a irin ruwan da mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ke hulɗa da shi. Muƙalar ta nuna cewa narkakkiyar dalma kaɗai na'urar ke gani, alhali mafi yawan dalmar da ta halaka yara a Zamfara cikin ƙura da laka ta shiga jikinsu. Saboda haka yadda aka ɗebi ruwa da yadda aka shirya shi kafin awo shi ke yanke hukuncin ko a amince da sakamako.

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, MSF, suka lura da yawaitar mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro kan fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. Da farko hankali ya tafi ga zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, amma magungunansu ba su yi tasiri ba. Sai da aka aika da jini ɗakin bincike a Turai sannan gaskiya ta fito, cewa dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙan hatsi, yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa kuwa ta game tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta gudanar tare da hukumomin lafiyar Nijeriya a ƙauyuka biyu cikin Mayu da Yunin shekarar ya gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka ƙiyasta sun mutu a annobar ta kai kimanin 400. Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega sun zama sunayen da masana lafiyar muhalli ke ambata a duk faɗin duniya.

Tsakanin fara mace-macen da gano musabbabinsu an yi asarar makonni masu yawa, kuma babban dalili shi ne babu abin awo a kusa. Wannan giɓi ne ƙananan na'urorin sansano dalma suka zo cikewa.

2.0 Abin da ake nema da ƙanƙantarsa

Bahaushe ya daɗe da sanin dalma. Ya san ta a harsashi da batirin mota da nauyin da masunta ke ɗaura wa taru, ya kuma san dutsenta, domin tozalin da ake niƙawa a zuba a tandu sau da yawa dutsen dalma ne da ya haɗu da farar wuta. Idan dalma ta narke cikin ruwa sai ta bar wannan kama gaba ɗaya. Kowace ƙwayar zarrarta kan saki elektaron biyu, ta koma abin da masana sinadarai ke kira ayon, mai ɗauke da caji irin na kan batir mai alamar ƙari, ana kuma rubuta shi Pb²⁺. A wannan hali ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ma ba ya jin ta a ƙanƙanen adadin da ke cutarwa. Tafasa ruwa ba ya kawar da ita. Ƙara mata kauri ma yake yi, tun da ruwan ne ke tashi ya bar ta a tukunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan maikurogiram 10 cikin kowace lita, kuma ma'aunin ruwan sha na Nijeriya shi ma a nan ya tsaya. Don a fahimci ƙanƙantar wannan adadi, tankar da ke ɗaukar lita 33,000 za ta kai iyakar idan sulusin giram ɗaya na dalma ya narke a cikinta. A jini kuwa da maikurogiram cikin desilita ake lissafi. Tun 2021 Hukumar ta ce duk wanda awonsa ya kai 5 a nemo inda yake samun dalmar a raba shi da ita, kuma babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa. Yara sun fi shiga haɗari domin hanjinsu na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba zai tsotsa, jiki kuma kan ɗauki dalma a matsayin kalsiyam, ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa.

Manyan injinan ɗakin bincike, masu ƙona samfur su auna hasken da ya tsotsa ko su tantance nauyin ƙwayoyinsa, suna iya ganin ƙasa da wannan adadi nesa ba kusa ba. Sai dai suna buƙatar wutar da ba ta yankewa, da iskar gas ta musamman, da ɗaki mai sanyi, da ƙwararre. Ba a ɗora su a bayan babur a shiga ƙauye.

3.0 Dabarar tarawa da saɓulewa

Tushen wannan fanni yana komawa ga Jaroslav Heyrovský, masanin ƙasar Cek, wanda a 1922 ya nuna cewa ana iya gane ƙarfen da ke narke cikin ruwa, da yawansa, ta hanyar bin yadda lantarki ke kwarara ta cikin ɗigon zaiba. Aikin ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1959. Na'urorin yau jikokin wannan aiki ne.

Na'urar tana da elektarod uku, wato wuraren da lantarki ke haɗuwa da ruwan da ake aunawa. Na farko shi ne mai aiki, a kansa dalma ke sauka. Na biyu shi ne madogara, wanda akan yi da azurfa. Ƙarfin lantarkinsa ba ya motsi, da shi ake gwada na farkon kamar yadda magini ke gwada gini da igiyar awo. Na uku mataimaki ne da ke cika zagayen lantarki. A yanzu ana buga dukkan ukun da tawadar kabon da ta azurfa a kan ɗan fallen roba da bai fi tsawon yatsa ba, a soka shi cikin akwatin da ke aiki da batir, wasu ma wayar hannu ce ke nuna sakamakonsu.

Matakin farko shi ne tarawa. Ana ba elektarod mai aiki turin lantarki ta ɓangaren ragi, kimanin bolt 1.2, na tsawon minti biyu zuwa biyar, ana motsa ruwan. Duk ayon na dalma da ya iso fuskar elektarod sai ya karɓi elektaron biyun da ya rasa, ya koma ƙarfe, ya manne. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa 'yan kunne ruwan zinariya ya ga irin wannan aiki. Amfanin matakin shi ne dalmar da ta warwatsu cikin ruwa har ba ta aunuwa an tattaro ta wuri guda, kaurinta ya ninka sau ɗaruruwa.

Sai saɓulewa. A nan ana rage turin lantarkin sannu a hankali ana komawa ɓangaren ƙari. Kowane ƙarfe yana da matakin da in an kai shi ba ya iya ci gaba da riƙe elektaron ɗinsa. Tutiya ce kan fara saki, sai kadmiyam, sai dalma a wajejen rabin bolt ta ɓangaren ragi, jan ƙarfe kuma daga baya. A daidai lokacin da dalmar ta saɓule ta koma ruwa, elektaron ɗin da ta bari kan haifar da kwararar lantarki ta ɗan lokaci, wadda na'urar ke zanawa a matsayin tudu mai kama da tozon sa. Inda tozon ya fito shi ke faɗin sunan ƙarfen, tsayinsa kuma shi ke faɗin yawansa.

Shekaru da dama zaiba ce aka fi amfani da ita a fuskar elektarod, saboda tana haɗiye dalma ta narke a cikinta. Masu haƙar zinariya a Zamfara sun san wannan hali na zaiba sarai, domin da shi suke kamo zinariya daga laka kafin su ƙona dunƙulen zaibar ta tashi. Hikimar ɗaya ce, kuma illar ma ɗaya ce: zaiba guba ce. A shekarar 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa siririn shafen bismut a kan kabon yana yin kusan abin da zaiba ke yi ba tare da irin gubarta ba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta ƙara karkatar da masu bincike ga bismut da zinariya da nau'o'in kabon.

Akwai wani nau'in na'urar da ba ya tara komai, sai dai ya auna bambancin turin lantarki a jikin wata fata mai zaɓen dalma. A irin wannan, duk lokacin da yawan dalma ya ninka sau goma, awon kan motsa da kimanin milibolt 30 kacal. Yana da sauƙin sarrafawa, amma mafi yawan waɗanda ke kasuwa ba sa sauka zuwa iyakar ruwan sha da tabbaci, shi ya sa ba a cika dogara da su a wannan aiki ba.

4.0 Abin da aka gani a 2010

Na'urar da aka yi aiki da ita wajen auna jinin yara a Zamfara, LeadCare II, da dabarar tarawa da saɓulewa take aiki. Ana ɗibar jini maikurolita 50, kimanin ɗigo biyu, a gauraya da ruwan asid mai rauni wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, domin kusan dukkan dalmar jini a cikinsu take ɗaure. Sai a ɗiga haɗin a kan fallen awo, cikin minti uku sakamako ya fito. Abin lura a nan, fuskar fallen da ƙananan ɓarɓashin zinariya aka yi ta. Ƙarfen da nemansa ya jawo masifar shi ne kuma ya taimaka wajen auna ta.

An ƙera na'urar ne don ƙasashen da ake neman ɗan ƙaramin adadi, saboda haka awonta daga 3.3 yake farawa ya tsaya a 65. Abin da ya haura haka ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. A ƙauyukan nan biyu, kashi 97 cikin ɗari na yara 204 da aka auna sun kai 45 ko fiye, matakin da ake fara ba da maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari, kuma a wasu yaran awon ya kai ɗaruruwa. Likita kuwa yana buƙatar sanin wanda ke kan 70 da wanda ke kan 300, don ya san wanda zai fara kwantarwa. Mafitar da aka samu ita ce a sirka jinin yaron da jinin da aka tabbatar dalmarsa ba ta taka kara ta karya ba, a auna, sannan a ninka sakamakon. Na'urar da aka yi don gano kaɗan sai ga shi yawa ya fi ƙarfinta.

Zafi ma ya zama matsala, domin an tsara ta ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 36 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali bazarar Zamfara kan haura 40. Haka kuma yatsan yaron da ya yi wasa cikin ƙurar dutse yana iya sa awo ya hau ba gaira ba dalili idan ba a wanke shi sosai ba. Daga baya, a 2017, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin wannan kamfani na iya ba da sakamako ƙasa da gaskiya idan jinin jijiya ne aka auna. Bincike ya danganta hakan da wani sinadari mai farar wuta da ke cikin murafan roba na wasu kwalaben ɗibar jini. Farar wutar kan ɗaure dalma, kamar dai yadda ta ɗaure ta a dutsen tozali, kuma dalmar da ke ɗaure ba ta sauka kan elektarod.

5.0 Ruwan Bakolori da dalmar da ba ta narke ba

Talata Mafara da Bakura da Maradun suna shiyya ɗaya da Anka da Bukkuyum, wato Zamfara ta Yamma, amma ruwansu daban ne. Ƙauyukan da annobar ta fi shafa suna ɓangaren Gulbin Zamfara, su kuwa waɗannan garuruwa uku rayuwarsu ta rataya ne a kan Gulbin Sakkwato da madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Daga gare ta magudanan ruwa ke ratsa gonakin shinkafa da masara da tumatir da albasa. A bakin magudanan nan ake wanki, ake shayar da dabbobi, yara na iyo. Maradun kuma tana cikin ƙananan hukumomin da ake haƙar zinariya, kuma buhun dutse ba ya sanin iyakar ƙaramar hukuma. Inda inji da ruwa suke can ake kai shi. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa ido a kan ruwan yankin akai-akai.

Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwan ƙauyukan da annobar ta shafa a Satumba da Oktoban 2010 ta bar darasi mai amfani ga duk mai shirin irin wannan aiki. Ta tarar da rijiyoyin da dalmarsu ta haura iyaka, wata ma fiye da ninki goma, ta tarar da kududdufai da suka gurɓace ƙwarai, amma ba ta sami rijiyar burtsatse da ta gurɓace ba. Ma'ana, dalmar daga sama take faɗawa ruwa, ta hanyar ƙura da guga da igiyar da aka ja a ƙasa da wankin dutse, ba daga ƙarƙashin ƙasa take ɓuɓɓugowa ba. Dalmar da ta shiga ruwa ta wannan hanya kuwa mafi yawanta ɓarɓashi ce, ko kuma tana manne da laka.

A nan ne haɗarin yake. Idan aka tsoma fallen awo cikin ruwan kududdufi kai tsaye, ayon ɗin da ke yawo sake kaɗai zai kama. Ɓarɓashin da ke cikin gurɓin ruwan zai wuce shi, na'urar ta nuna ɗan ƙaramin tozo, a rubuta cewa ruwa lafiya lau. Cikin yaro ba haka yake aiki ba. Ruwan cikinsa asid ne mai ƙarfi, kuma masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka nazarci dutsen Zamfara sun gano cewa kaso mai yawa na dalmarsa ya riga ya rikiɗe zuwa nau'in kabonet, wanda ke narkewa cikin sauƙi a irin wannan asid. Abin da na'ura ta tsallake, ciki zai narkar.

Saboda haka samfur biyu ya kamata a ɗiba a kowane wuri. Ɗaya a tace shi nan take da matacin da ramukansa ba su wuce maikuromita 0.45 ba, shi ne zai nuna narkakkiyar dalma. Ɗayan a bar shi da gurɓinsa, a zuba masa asid ɗin naitirik har tsaminsa ya sauka ƙasa da 2 a ma'aunin pH, a ba shi lokaci ya narkar da abin da ke cikin lakar, sannan a daidaita tsamin zuwa wajejen 4.5, inda shafen bismut ya fi aiki. Asid ɗin yana da wani amfanin: ruwan da aka ajiye babu shi, dalmarsa kan manne a jikin gora kafin a iso wurin awo. Bambancin da ke tsakanin sakamakon samfuran biyu shi ne zai gaya wa mai bincike ko tace ruwa da barinsa ya kwanta zai rage haɗari a gidan.

Ruwan magudana yana da nasa tarkon. Garin sabulun wanki kan lulluɓe fuskar elektarod ya hana dalma sauka. Ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu kan saki sinadaran da ke riƙe dalma. Jan ƙarfe, idan ya yi yawa, yana gogayya da bismut a kan elektarod har tozon dalma ya ƙanƙance. Duk waɗannan ƙasa suke jan awo, wato ɓangaren da ya fi muni, domin sakamakon da ya hau bisa kuskure tsoro kawai zai jawo a sake gwaji, wanda ya sauka bisa kuskure kuwa kwantar da hankali yake yi.

Maganin da masana suka fi amincewa da shi shi ne ƙari sananne. Ana auna samfur, sannan a zuba masa adadin dalmar da aka sani, a sake aunawa a cikin ruwan nan dai. A misali, idan tsayin tozo ya kasance 4, bayan an ƙara maikurogiram 10 cikin lita ya koma 12, to ƙarin ya haifar da 8, ke nan asalin ruwan yana da maikurogiram 5. Idan kuwa aka yi ƙarin tozo bai motsa yadda ya kamata ba, wannan shaida ce cewa wani abu a ruwan yana rufe wa na'urar ido, kuma bai halatta a rubuta lambar a rahoto ba. Dabarar tana cin lokaci da fallayen awo, abin da kan sa mai gaggawa ya tsallake ta. Awon filin da babu ƙari sananne a cikinsa, babu kuma gwajin ruwa mai tsabta da zai nuna cewa gora da asid ɗin kansu ba su da dalma, bai cancanci a gina hukunci a kansa ba.

Ƙasa da ƙurar tsakar gida, waɗanda su ne suka fi kisa a 2010, ba aikin wannan na'ura ba ne kai tsaye. Da na'urar hannu mai harba hasken ekis-re aka auna su, har aka sami wuraren da dalma ta haura kashi 10 cikin ɗari na nauyin ƙasar, kuma da sakamakonta aka kankare saman ƙasa a ƙauyuka bakwai, sannan Bagega a 2013. Na'urar lantarki na iya shiga aikin ƙasa ko shinkafa ne kawai bayan an narkar da samfurin cikin asid, wanda aikin ɗakin bincike ne.

Yankin yana da inda za a iya kafa irin wannan aiki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana Talata Mafara, Jami'ar Tarayya tana Gusau, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato, kuma dabarar ba ta fi ƙarfin ɗalibin kimiyyar sinadarai da ya sami horo ba. Tsarin da ya dace shi ne a riƙa auna wurare ƙayyadaddu da ƙaramar na'ura, a aika da wani kaso na samfuran zuwa babban inji don a gwada sakamakon biyu. Lokacin ɗiba ma yana da muhimmanci. Awon da aka yi a tsakiyar rani, sa'ad da ruwan magudana ya kwanta ya yi garau, zai bambanta da na makonnin farko na damina, lokacin da ruwan sama ke wanke ƙurar wata bakwai daga tsakar gidaje da wuraren niƙa ya zuba ta a kududdufai da rijiyoyi marasa murfi. A watannin Yuni da Yuli ne ya fi kamata a ɗebi samfurin da ba a tace ba.